Shayi-ne Mai Wankin Kujeru

Duk layin ba wanda ya riƙe sunansa na yanka. Shayi-ne ake ce masa, kuma bakinsa ne ya ja masa. Tun yana saurayi yake yawo gida-gida da jaka a kafaɗa: kwalbar feshi, farin soso, buroshi mai laushi. Ko wane irin tabo aka nuna masa a kujera, sai ya durƙusa ya shinshina, ya ce, "Shayi ne." Jan-baki a gidan gwauro ma, shayi ne. Wai sana'ar ya fara koya a kan katifar mahaifiyarsa, da ta daɗe tana jinya.

Yaya Babba, wata 'yar layin, ba ta san darajar wannan magana ba sai da abin ya zo gidansu. Babanta, tsohon direba, yana da doguwar kujera a falo, mai yadin nan mai laushi da in ka shafa sai sawun yatsunka ya fito. A kanta yake jin labarai, yake rabon faɗan jikoki. Ran nan barci ya kwashe shi, fitsari ya kufce masa, ga surukinsa zaune. Tun daga ranar ya shige ɗaki ya ja ƙofa, ko abinci sai a miƙa masa.

Ita kuma garin neman gira ta rasa ido. Ta kwarara ruwa da sabulu ta dirje, tabon ya bushe ya bar shaci kamar faranti, yadin ya ƙandare. Dole ta kira Shayi-ne, kunya kamar ta nutse.

Ya durƙusa, ya shinshina. 

"Shayi ne," ya ce da ƙarfi, yadda na ɗaki zai ji. "Amma Yaya, wannan yadin ba ya shiri da ruwa. Dannawa ake yi, ba dirza ba."

Ya fesa maganinsa, ya bi da soso a hankali daga gefe zuwa tsakiya. Ya buɗe taga, ya jira wurin ya sha iska, sannan ya bi da buroshi har gashin yadin ya kwanta. Ya gama, amma ya ƙi ɗaukar jakarsa.

"Ni ba na tafiya sai mai kujera ya zauna ya gwada. Baba! A taimaka, ina da wani gidan."

Da ƙyar ƙofar ta buɗe. Tsohon ya fito yana dafa bango, ya tsaya kan kujerar, bai kalli kowa ba.

"Ɗana, ba shayi ba ne," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Haba Baba! Na taɓa koya maka tuƙi? To, kada ka koya mini tabo. Shayi ne."

Baba ya dube shi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa. Ya zauna.

Yaya Babba ta juya tana share ido. Godiya ta cika mata ciki. A bakin ƙofa Shayi-ne ya cusa mata kwalbar feshin a hannu.

"Ajiye. Gidan da ke da dattijo ba ya rasa zubar shayi."

Daga falo muryar Baba ta taso, irin ta da, mai ba da umarni:

"Ke! Tsayar da shi. Ɗora mana shayin, kofi biyu."