An Kulle Mu Ta Waje

Ranar Talata ce. Na share tsakar gida, na ɗora ruwan koko. Mama tana kan keken ɗinki, tana mitar kayan 'yan makaranta da ba ta gama ba. Gidanmu shi ne na ƙarshe a layinmu a Samaru, bayansa gonakin dawa ne har Bomo. Shekarata sha tara, ina jiran sakamakon jarrabawa, amma gaskiya ba jarrabawar ce a raina ba. Emeka ne.

Mai walda ne a Sabon Gari. A can aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa zaƙi. Da ɓarayi suka dame mu, shi Baba ya kira ya sa mana ƙofar ƙarfe da rodi a tagogi. Aikin kwana biyu ya ja shi har mako, wai yana dawowa ya duba ko ya kama. Kowa ya san abin da yake dubawa. Baba ya jijjiga rodin da hannu biyu ya ce ko giwa ba ta ɓalle wannan. Emeka ya yi ta washe baki, sai ka ce ni aka ba shi.

Da hantsi ihu ya taso daga bakin titi. Wai an kama wani da wayar sata a tasha, an doke shi ya mutu, mutanensa sun zo ramuwa. Kafin rana ta take an manta da waya. Magana ta koma su wane da su wane.

Akwai dabarar da kowa ya sani a unguwarmu: a kulle gida ta waje, wanda ya ga kwaɗo sai ya ɗauka an gudu. Haka Baba ya yi. Ya tafi neman motar da za ta kai mu barikin Basawa, makulli a aljihunsa. Na kira Emeka don kawai in ji muryarsa. Da na ce an kulle mu ta waje, sai ya kashe waya. Har na ji haushi.

Bayan azahar layinmu ya yi tsit. Sai ƙafafu. Sai ƙarar adda ana jan ta a ƙasa. Wani ya taɓa kwaɗon, ya sake shi ya bugi ƙofa.

"Ba kowa!"

Mama ta matse hannuna. Mun ɗauka mun tsira.

"To a ƙona shi!"

Warin fetur ya riga wutar shigowa. Labulen falo ya kama, silin ya kama. Muka ja da baya zuwa ɗakin Mama, na toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen zani. Na kama rodin taga na ja da duk ƙarfina. Ko motsi bai yi ba. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kuma tsoron bai bar ni na yi addu'a ba.

Daga cikin dawa Emeka ya fito, ba takalmi a ƙafa ɗaya, zarton ƙarfe a hannunsa. Ya nufo tagar. Ya ɗora zarto a kan aikinsa ya fara yanka.

Wannan ƙarar ce ba ta barina har yau. Ƙii, ƙii, ƙii. Hayaƙi ya cika ɗakin, ba na ganin fuskarsa, ita kaɗai nake ji. Rodi ɗaya ya yanke, ya lanƙwasa shi sama.

"Rifkatu, fito!"

Na fita, ƙarfen ya tsaga mini cinya. Mama tana da jiki, kafaɗarta ta ƙi wucewa. Ta ce mu tafi. Bai ko dube ta ba, ya koma kan na biyu. Zarton ya yi zafi, hannunsa yana jini. Ƙarar ta yi yawa, na sani, shi ma ya sani. Muka jawo Mama ta faɗo kanmu, ɗankwalinta yana hayaƙi.

"Ga su nan ta baya!"

Emeka ya tura mu cikin dawa. "Mama, ku miƙe, kar ku juyo!" Shi kuwa ya bi jikin katanga a fili, wajen titi, inda za su gan shi. Suka gan shi. Ƙafafun duka suka bi can.

Mun yi gudu, mun yi rarrafe. Ganyen dawa ya yayyanke mana fuska. Na ji ihu sau ɗaya daga bayanmu. Mama ta ce ba muryarsa ba ce. Ban san yadda aka yi ta sani ba. A Bomo wani dattijo, Malam Tanimu, ya kwantar da mu a bayan a-kori-kurarsa, ya rufe mu da buhunan masara. Bai tambaye mu sunanmu ba. Ana kiran la'asar muka shiga bariki.

A can muka ga Baba zaune a ƙasa, makullin a hannunsa. Ya dube mu ya kasa tashi.

Na tsaya a bakin ƙofar bariki ina duba duk wanda aka sauke. Na kira wayar Emeka har tawa ta mutu. Da gari ya lafa muka bi asibitoci. Ba a gan shi ba, ba a ga gawa ba.

Mutane sun yi wa Baba jajen gida, sun yi wa Mama na keke. Ranar da dangin Emeka suka haƙura suka yi zaman makoki a Sabon Gari, na je ni kaɗai. Ashe bai kai ga faɗa musu maganata ba. Na zauna a bencin baya tare da masu kawo masa gyara. Da layi ya zo kaina na durƙusa gaban mahaifiyarsa. Goshinsa ne sak a fuskarta. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar waye ke?"

Na ce, "Aiki ya taɓa yi mana, Mama."

Ta ce ta gode, ta miƙa hannu ga ta bayana.