Kwana Uku a Fagge Wajen Kawu Modu

Juma'a: Potiskum zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, motarmu ta tashi daga tashar Potiskum. Za ni duba Kawu Modu, yayan mahaifiyata, wanda ya shekara arba'in yana sayar da atamfa a Fagge. Ciwon huhu ya daɗe yana cinsa, har ta kai sai da tukunyar iskar oksijin yake zama. Mun wuce shingen sojoji biyu, muka karya da ƙosai a Azare. Sha ɗaya saura na sauka Kano, adaidaita sahu ya kai ni gida.

Na same shi a zaune da roba a hanci, in ya yi kalma uku sai ya huta.

"Bukar, akwai maganar da nake son mu yi," in ji shi. "Bari sai gobe."

Asabar: Sabon Gari

Da hantsi na kai tukunya ɗaya wani shago kusa da kasuwa aka cika ta, na dawo sha biyu. Matarsa, Hajiya Falmata, tana girki. 'Yar na'urar da ke maƙale a yatsan Kawu, mai auna iskar jini, tana nuna tamanin da tara. A sanina mai lafiya kusan ɗari yake nunawa. Ban tambayi kowa ba, na murɗa kan tukunyar na ƙara masa. Lambar ta hau casa'in da takwas, har na ji daɗi.

Barci ya ɗauke shi. Azahar ta wuce, la'asar ta zo, muka tashe shi ya buɗe ido yana maganar da ba ta kan hanya. Hajiya ta kira maƙwabciyarsu Iya Risikatu, tsohuwar nas, haifaffiyar Sabon Gari. Ta dubi tukunyar.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne, Iya."

Ta mayar da ita yadda likita ya sa, ta ce a nemo mota. A hanyar asibiti ta yi mini bayani, ba ta ɗaga murya ba.

"Jiki ba oksijin kaɗai yake lura da shi ba. Akwai gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa. In ta taru a jini, ƙwaƙwalwa ce ke sa numfashi ya yi sauri har ta fita. Huhun Alhaji ba ya iya fitar da ita sosai. In ka cika masa oksijin sai ta ƙara taruwa, ta sa shi wannan barcin. Tamanin da tara ɗin nan, a wurinsa daidai ne."

Lahadi: Asibiti

An rufe masa hanci da baki da na'ura mai tura iska. Likita ya ce jinin yana gyaruwa, amma zai kwana biyu a haka. Da yamma Kawu ya gane ni, ya riƙe hannuna, leɓensa na motsi a cikin robar. Ban ji ko kalma ɗaya ba, balle in san maganar da ya ce yana son mu yi. Na ce masa ya yafe mini, ya gyaɗa kai.

Litinin: Komawa

Hutun da makarantarmu ta ba ni ya ƙare. Na bar Kano ƙarfe shida, na isa Potiskum ana kiran azahar, ban iya cin komai a hanya ba. Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya. Na gode wa Iya Risikatu, da Hajiya Falmata, wadda ta rako ni har bakin titi ba ta ce mini komai a kan abin da na yi ba.