Tausayi da Turanci

Nasidi Sunusi mutumin Haɗeja ne. Ya daɗe yana koyarwa a wata firamare kafin ya zo Doha a shekarar 2018, inda wani kamfanin tsaro ya ɗauke shi gadi, aka ba shi gado a wani ɗakin haya a unguwar Mansura. A ɗakin nan shi ne mai baki. In za a kai kuka wajen sufabaiza, ko a yi ciniki da Ba'indiyen da ke gyaran waya, shi ake turawa, domin Turancinsa ya fi na kowa, shi ma kuma ya san haka.

Lokacin korona an ajiye shi a ƙofar wani babban kanti a unguwar Old Airport, yana auna zafin goshin masu shiga. Ba irin mutanen da ba su wuce ta gabansa ba: masu gicciye a wuya, masu jan ɗigo a goshi, masu rawani, da waɗanda ba su da addini ko kaɗan. Ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Saboda haka da gasar cin kofin duniya ta zo a ƙarshen 2022, yana cikin waɗanda aka zaɓa su tsaya a ƙofar filin wasa.

Wata rana da azahar wasu samari biyu Turawa suka zo da huluna masu launin bakan gizo, alamar masu goyon bayan auren jinsi. Umarnin da aka ba Nasidi shi ne ya tsayar da mai irin wannan hula har sufabaiza ya zo. Ya tsayar da su. Sufabaiza bai zo ba. Rana ta gasa su har fuskokinsu suka yi jawur, ana ta ihu a cikin fili, wasan da suka ƙetaro teku don su gani yana wuce su. Ƙaramin har idonsa ya kawo ruwa. Nasidi ya jawo musu kujerarsa zuwa inuwa, ya ba su ruwan da ya ajiye wa kansa.

A nan wata 'yar jarida ta same shi, mai kyamara na biye da ita. Ta tambaye shi ko addininsa ya yarda da abin da hulunan ke nufi. Ya ce bai yarda ba. Ta ce to me yake ji game da waɗannan samari?

Nasidi ya waiga ya dube su. Abin da ke ransa shi ne abin da kowane Bahaushe zai ce in ya ga baƙo a wahale, wato ya tausaya musu. Sai ya juya shi zuwa Turancin da ya iya.

"I pity them, wallahi," in ji shi. Ya ci gaba da bayani cewa sun zo daga nesa, ga rana, ga wasa ya wuce su.

Da aka watsa hirar, bayanin bai fito ba. Kalmomi ukun nan ne suka fito, haɗe da cewar addininsa bai yarda ba. Masahudu, direban da ke kwana a gadon sama da nasa, shi ya fara nuna masa a waya.

"Malamin Turanci, ka zama ɗan fim! Dubi yawan waɗanda suka kalle ka."

"Me suke cewa?"

Masahudu ya daina dariya. "Zagi ne, mutumina. Har da sunan kamfaninku a rigarka."

Ranar Juma'a bayan an idar da salla, Nasidi ya tari Dakta Muhsin, wani malamin jami'a ɗan Zariya da ya yi zaman Ingila.

"Ranka ya daɗe, don Allah mene ne laifin tausayi?"

"Tausayi ba shi da laifi. Kalmar da ka ɗauko ce. A kunnen Turawa, in ka faɗe ta a kan mutum lafiyayye, ka raina shi ke nan. Kamar ka dube shi ka ce Allah ya shirye ka."

"To ba su ne masu cewa kowa ya faɗi ra'ayinsa ba?"

"Su ne, kuma ba ƙarya suke yi ba. A can ba wanda zai kulle ka kan wannan magana. Aiki kawai za ka rasa."

"A nan fa, Dakta?"

Dakta Muhsin ya dubi hagu da dama, ya sa takalminsa. "A nan mai gadi ba ya magana da 'yan jarida. Khalas, magana ta ƙare."

Aka kira Nasidi ofis. Manajan, wani Bature mai taushin murya, ya ce shi ya fahimce shi sarai, amma abokan hulɗarsu na Turai suna ta bugo waya. In yana son aikinsa, sai ya tsaya gaban kyamara ya ce ya yi nadamar kalamansa, kuma yana girmama kowace irin rayuwa. Nasidi ya roƙi a bar shi ya ƙara da labarin rana da ruwa da kujera. Manajan ya ce dogon bayani kama yake da kare kai, gara a taƙaita.

Nasidi ya yi tunanin izinin zamansa, wanda ke rataye da aikin nan, da matarsa Haulatu da yara a Haɗeja. Ya tsaya ya faɗi abin da aka koya masa.

Wannan bidiyon na ban haƙuri shi ne ya isa gida. A zauren wasaf na 'yan garinsu aka yi ta yaɗa shi, wai ga wanda ya sayar da addininsa don gadin ƙofa. Wani tsohon ɗalibinsa ya rubuta cewa yana kunyar a ce wannan ne ya koyar da shi. Haulatu ta bugo tana kuka, ta ce ta daina zuwa islamiyya saboda kallon da mata ke yi mata. Turawan da suka zage shi kuwa sun riga sun koma kan wani labarin, ba wanda ya kalli ban haƙurin.

Ana gama gasar aka sallame shi. Ba manajan ba ne, kafil ɗin kamfanin ne, wato ɗan ƙasar da ya tsaya musu wajen hukuma, ya ce ba ya son ma'aikacin da fuskarsa ta fito a labarai har sau biyu.

Masahudu ne ya kai shi filin jirgi. Suna cikin cunkoson motoci, ga tutocin gasa har yanzu ba a sauke ba, sai ya ce, "To Malam, in ka sauka me za ka ce musu? Ka tara su ka yi musu bayani mana, kai da ka iya magana."

Nasidi ya dubi tutocin ta taga, ya ce:

"Zan ce kwantiragi ne ya ƙare."