Tausar da Na Yi wa Uwar Yarana

Ni kafinta ne a Kinkinau. Aji huɗu na yi a firamare na gudu, amma a gidana ni ne babban likita. Da uwar yarana ta fara kukan ciwon baya, shekara biyu bayan an cire mata nonon hagu saboda ciwon daji, nan take na yanke hukunci: sanyi ne. Na sayo man zafi. Kullum bayan la'asar sai in sa ta kwanta rub da ciki a tabarma, in danne bayan da hannuwan nan da suka saba da guduma da zarto.

"Malam, a hankali."

"Ke dai yi shiru. Sanyin ne yake fita."

Wata uku muna haka, har na fara koya wa maƙwabta. Ranar da ta kasa miƙewa daga sujada, ni da ƙanwarta muka ciccibe ta zuwa asibiti.

Likitar mace ce, na kusa haifarta. Ta ɗaga hoton ƙashin da aka ɗauka ta ce ciwon nonon ne ya sauka a ƙashin baya.

Na ce, "Likita, wane nono kuma? Ni na sa hannu aka cire shi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ƙwayoyin ciwon kan bi jini tun kafin a yi aiki, su lafe a ƙashi shekaru, sannan su farka su riƙa cinsa. Ko a ƙashi yake, ciwon nono ne, maganinsa za a ba ta. Ta nuna gaɓoɓi biyu. Ko ni na gane, sun yi kamar katakon da gara ta ci.

"Abu kaɗan zai karya su. In suka danne laka, ƙafafu sun tafi. Akwai mai yi mata tausa?"

Na ɗaga kai ina duba aikin silin.

Uwar yarana ta ce, "Babu."

Shekara ashirin da wani abu muna tare ban taɓa jin ƙarya a bakinta ba, sai ranar, don ta rufa wa jaki asiri. Na ce, "Akwai, likita. Ga shi zaune."

Aka tura mu wani asibitin aka gasa wurin da na'ura. Aka ba ta ƙwayar sha kullum, da allurar ƙarfafa ƙashi, amma aka ce sai likitan haƙori ya fara duba bakinta. Har na buɗe baki in tambayi abin da ya haɗa baya da haƙori, sai na rufe abina. An faɗa mana gaskiya: ba warkewa za a yi ba, riƙe ciwon za a yi iya ƙarfi. Ni dai ƙafafun nake roƙo.

Ta daɗe a kwance. Wata safiya ta ce ta gaji da alwala a roba, famfo za ta. Ta dafa bango ta miƙe. Na taso.

"Malam, don Allah mayar da hannuwan nan aljihu."

Na mayar. Daga ƙofar ɗaki zuwa famfon tsakar gida ba nisa, amma sau uku tana tsayawa. Ina biye da ita kamar bazawari, ban taɓa ta ba. Ta isa, ta murɗa famfon da kanta.