Tarin Dada Raliya a shagon Oga Tiyo

Sunansa Theophilus, amma a layinmu na Rumde ba wanda ke wahalar da harshensa, Oga Tiyo muke ce masa. Iyayensa daga Anambra suka zo, shi kuwa a Jimeta aka yanke masa cibiya. Shagonsa na kwamfuta da hoton takardu yana jikin shagona na ɗinki, janareta ɗaya muke sha. Ni Hamajoɗa nake, kuma tun da ya rasu a daminar da ta wuce har yau in na ji ƙarar firinta sai na waiga.

Mutum ne mai son gyaɗa da tsokana. Fillancinsa ya fi na wasu 'ya'yan Yola, Hausarsa kuwa mace da namiji duk "kai" ne. Aikin da aka fi saninsa da shi shi ne cire kalmar sirri daga takardun da aka kulle a kwamfuta. Yana da ƙa'ida: sai mai abu ya zo da kansa ya faɗi kalmar, sannan ya cire makullin ya ajiye masa buɗaɗɗiya. Yakan ce, "Ni ba ɓarawo ba ne, Hamma. Ƙofa nake buɗewa, ba na haura katanga."

A shekarar da mutanen Mubi suka gudo Yola saboda harin 'yan bindiga, wata dattijuwa, Raliya, ta shigo shagon da 'yarta Basma. Ta kwance bakin zaninta ta fito da filashi, ɗan abin nan da ake adana takardun kwamfuta a ciki. Mijinta, Malam Najmuddeen, malamin makaranta ne, ya ɗauki hoton takardun 'ya'yansa ya kulle a ciki. Gudu ya raba su, ya bi ta kan dutse, wayarsa ba ta shiga. Basma ta samu gurbi a makarantar koyon jinya, kuma in ba ta kai sakamakon jarrabawarta a makon nan ba, gurbin ya tafi.

Basma ta gwada sunan babanta, ta gwada nata, takardar ta ƙi buɗuwa. Tiyo ya dubi uwar, ya kira ta yadda Fulani ke kiran uwa, ya ce, "Dada, kai ka san kalmar?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. Da ƙyar ta ce mijin ya gaya mata, sunan da ake kiransa da shi ne a gidansu yana yaro.

"Alhamdu lillahi! To faɗa mana, Dada," in ji Basma.

Ta girgiza kai. Na leƙo daga kan kekena na ce, "Tiyo, kada ka wahalar da kanka. Bafillatana irin ta da ba ta kama sunan mijinta, ko da wuƙa a wuya. Balle gaban maza."

Basma ta fara hawaye. Uwar ma idonta ya cika, amma bakin bai buɗu ba, kuma ba ta iya rubutun boko ba. Tiyo ya watsa gyaɗa a baki, ya yi ɗan tunani, sai ya tafa hannu.

"Dada, ba sai ka faɗa ba. Hamma zai yi ta kiran sunaye. In ya zo kan na maigida, kai dai ka yi tari. Tari ba laifi ba ne, ko likita ya sani."

Na aje almakashi na fara. Buba. Jauro. Hammadu. Sambo. Yero. Dada tana kallon ƙasa kamar ba da ita ake ba. Mai shayin layinmu ya zo yana ƙaro nasa, wata mai sayen zare ma ta sa baki. Tiyo yana cewa, "Hamma, ka ƙare Fulanin Adamawa, saura na Kamaru." Can na tuna da wani kawuna na ce, "Bobboyi."

Dada Raliya ta yi wani ɗan tari, ƙanƙane, kamar na kyanwa.

Tiyo ya buga. Takardar ta buɗe. Layin ya ɗauki shewa, Basma tana dariya tana kuka tana cewa, "Baba ne Bobboyi?" Nan take ya cire makullin, ya buga mata takardun, ya ce ta ruga kafin a tashi daga ofis. Malam da kansa ya iso Yola bayan wata biyu, a rame amma lafiya. Ranar da ya zo godiya, Tiyo ya tarbe shi da "Sannu da zuwa, Malam Bobboyi," bawan Allah ya kusa komawa don kunya.

Bayan shekaru, da ciwo ya kwantar da Tiyo a asibiti, ma'aikaciyar jinyar da ke ɗakin Basma ce. Ina zaune a gefen gadon ta zo da allura. Ya dube ta, murya ta riga ta yi ƙasa, ya ce, "'Yata, in zai yi zafi kada ka faɗa mini. Ka yi tari kawai."

Ta yi tarin. Muka yi ta dariya mu uku, har na gadon kusa ya tambayi abin da ya faru.