Ni Na Buɗe Ruwan

Ƙanena tun yana ɗan shekara bakwai ya gagari gidanmu. Ya yanke wa akuyar Inna kunne da lauje yana dariya. Ya cinna wa karan maƙwabta wuta. Ƙarya kuwa, ko da abu a hannunsa ka kama shi, zai tsare ka da ido ya ce bai gani ba. An yi duka, an yi rubutu, an yi hayaƙi, duk a banza. Ni da na girme shi da shekara takwas haushinsa nake ji kamar in mutu, don duk inda na shiga sai a ce ga yayan takadarin nan. Yanzu 'yata mai aikin asibiti take ce mini irin wannan hali lalura ce, ana zama da yaro a taimake shi. Mu a lokacin bulala muka sani.

Da ruwan madatsar Bakolori ya cinye gonarmu ta wajen Maradun, muka dawo kusa da Talata Mafara, aka ba Baba fili a bakin kanal, wato hanyar ruwan da aka jawo daga madatsar. Ƙaurar nan ta ƙara birkita yaron, kullum da ƙarar da za a kawo. Baba ya gaji, ya rantse a gabanmu cewa ɓarna ɗaya ta rage, zai kai shi gidan mari a ƙasar Bakura, inda ake sa wa kangararrun yara ƙarfe a ƙafa.

Noman kanal da dokarsa ya zo: kowane layi da ranar ban ruwansa. Wata Talata kowa ya tafi kasuwa, alkamata ta yi yaushi, mu kuwa sai Alhamis. Na ce haba, ruwa na wucewa a gabana in zuba ido? Na ɗaga ƙofar ƙarfen da ke tare ruwan layinmu. Mu da muka saba da jigo a fadama, guga ɗaya bayan ɗaya, na ɗauka in na ƙoshi zan tare shi da laka. Ina! Ƙofa ta ƙi sauka, ruwa ya fasa kunya, ya kwashe albasar da maƙwabcinmu ya dasa kaf. Na ɗaga kai, sai ga ƙanena a kan gaɓa yana harbin balbela da danƙo. Muka haɗa ido, na gudu gida na canza wando.

Bayan la'asar maƙwabcin ya yi sallama da Baba.

"Malam, wanga ɗa naka ya kashe ni. An gane shi bakin kanal."

Baba ya jawo yaron waje. Shi ko gezau bai yi ba, ya nuna ni da baki.

"Ba ni na ba. Yaya na."

Baba ya juyo ya dube ni. Kalma ɗaya ce tsakanin yaron nan da ƙarfe, kuma a bakina take. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tashi na kwaɗa masa mari, na ce, "Maƙaryacin banza, yau kuma ni ka samu?" Kowa ya yarda da ni. Wa zai gaskata shi?

Washegari ni aka ba keke na goya shi zuwa Bakura. Duk tsawon hanya bai riƙe rigata ba. Shekara biyu ya yi. Ya dawo ya fi da shiru, ya fi da mugunta, bai cika wata uku ba ya bi wata motar kudu.

Sai rasuwar Baba ya zo, da furfura a gemunsa. Bayan mun dawo daga maƙabarta ya naɗe wando zai yi alwala, na ga tabon ƙarfen zagaye da idon sawunsa. Na tsuguna kusa da shi, na ce, "Ka yafe mini. Ni na buɗe ruwan nan."

Ya gama wanke ƙafarsa, ya ajiye buta.

"Ni za ka faɗa wa, Yaya? Ai ina wurin. Wanda ya kamata ya ji, yanzu muka rufe shi."