Sabon Sifirin a Tsohuwar Motar Kawu

Sati biyu ke nan, amma har yanzu ko murfin tukunya ne ya faɗi sai in zabura in waiwaya.

Motar Kawu akori-kura ce da ya gada wajen kakanmu, ta girme ni nesa ba kusa ba. Kayanta na asali sun daɗe da ɓacewa a kasuwa. Da sifirin ɗin baya ya gaji, wato jerin ƙarafan nan da ke ɗauke da bodi a kan taya, sai Kawu ya samo sabo daga Kano, baƙi wul yana sheƙi. Ramin kusarsa bai dace da na motar ba, makanike ya huda wani a gefe ya ɗaure. Kawu ya yini yana yabon aikin.

Ranar sunan 'yar yayata muka taso daga Toranke za mu Gafasa. Mata cike da baya, ga buhun gero biyu, ga kwanukan waina. Ni na zauna daidai kan tayar hagu, jikar Goggo 'yar shekara uku a cinyata. Ba mu yi nisa ba na fara jin ƙas, ƙas a ƙarƙashina duk sanda muka faɗa rami. Can sai na ji gefena ya ɗan yi ƙasa.

Na ce, "Goggo, kin ji kuwa?"

Ta ce, "In ji me? Motar nan tun kafin a yaye uwarki take tari."

Mata suka kwashe da dariya.

Wanda ke baya in yana so a tsaya, rufin direba yake bugawa. To amma a wajenmu budurwa ba ta tsayar da mota haka kawai. Kowa zai ce fitsari ne ya matse ni, ga Liman zaune a gaba kusa da Kawu. Na ɗaga hannu, na sauke. Sai na hango gangaren kwalbatin nan da Kawu ya saba sakar wa mota gudu don ta iya haye tudun gaba. Na dubi kan yarinyar da ke barci a jikina. Ban san sanda na shiga dukan rufin da tafin hannu ba.

Kawu ya taka birki ya fito yana faɗa. "Wace ce? Ba ku yi a gida ba?"

"Kawu, don Allah ka leƙa ƙasa."

"Ke 'yar boko, yau kuma makanike kika zama?"

Ya dai durƙusa. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya yi magana, muryarsa ta canja. "Ku sauko. A hankali, ɗaya bayan ɗaya."

Ashe sabon sifirin ya tsage tun daga ramin da aka huda, abin da ya rage bai kai faɗin yatsa ba. Liman ya hau salati. Goggo ta fizge jikarta ta zauna daɓas cikin yashi.

A amalanken shanu muka ƙarasa, an riga an raɗa suna, waina ta huce. Ban taɓa cin mai daɗinta ba. Na riƙa ƙirga mu da ido, kowa na nan.

Kawu ya ajiye motar a gindin darbejiya, ya ce ba za ta motsa ba sai ya sami sifirin ɗin da ya dace da ita, ko tsoho ne. Goggo kuwa da za mu rabu ta kama kunnena ta ce, "Daga yau ko kukan sauro kika ji, ki buga. Kunyar a bar mini."